Maganin Ciwon Suga a Ƙasar Kwatarkwashi: A Raba Kyauta ko a Sayar da Rahusa?

Ciwon suga ba ya cikin cututtukan da ake sha wa magani na kwana uku a miƙe a koma gona. Wanda aka tabbatar yana da shi zai ci gaba da neman magani wata bayan wata har iyakar ransa, ko damina ta yi albarka ko ba ta yi ba. Shi ya sa tambayar wa zai biya kuɗin maganin ta fi tsanani a nan fiye da yadda take ga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa. A Kwatarkwashi da garuruwan da ke tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu, kamar a sauran sassan Arewa, amsoshi biyu ne ke karo da juna. Wasu na cewa gwamnati ta ɗauki nauyin maganin kacokan ta raba shi kyauta, yadda ake yi da na tarin fuka da na ƙanjamau. Wasu kuma na cewa kyauta ba ta ɗorewa, gara a sayar da shi da rahusa ta hanyar asusun jujjuya magani da inshorar lafiya, domin duk ranar da aka je a same shi.

Asalin ciwon shi ne jiki ya kasa sarrafa sukarin da ke shiga jini daga abinci. Wannan aiki na wani sinadari ne mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa. A nau'i na farko, wanda ya fi kama yara da matasa, gaɓar kan daina samar da shi gaba ɗaya. Mai wannan nau'i ba shi da mafita sai allura kullum, kuma idan ta yanke masa, 'yan kwanaki ko 'yan makonni sun isa jininsa ya gurɓace, ya suma, rai ya yi halinsa. A nau'i na biyu, wanda ya haura kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon a duniya, insulin ɗin yana nan amma bai isa ba, ko kuma jiki ba ya jin sa. Shi ne wanda aka fi sani ga manya: yawan fitsarin dare, ƙishirwa, rama, kasala da gyambon da ya ƙi warkewa. A ƙauye akan fara zargin sa idan aka ga kiyashi na taruwa inda mutum ya yi fitsari. A asibiti kuwa ana tabbatar da shi ne idan awon jinin safe, kafin a karya, ya kai 126 ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka.

Nau'i na biyu da ƙwayoyi ake fara masa: metformin tukuna, sannan a ƙara glibenclamide ko gliclazide ko glimepiride idan sukarin ya ƙi sauka. Tsofaffin magunguna ne, haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa a Indiya na yin su, har a Najeriya ana yin wasu. Insulin daban yake. Duk kwalbar da ke cikin firjin wani kantin magani a Gusau daga ƙetare ta zo, kuma kamfanoni uku, Novo Nordisk na Denmak, Eli Lilly na Amurka da Sanofi na Faransa, su ke riƙe da sama da kashi 90 na kasuwarsa a duniya. Kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1,000. Wanda ke yin yunit 40 a rana, kwana 25 za ta kai shi, wato kusan kwalba 15 ke nan a shekara. Idan sau biyu yake allura a rana, zai soki kansa sau 730, ga kuɗin sirinji, ga na tsinken awon jini.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Wani nazari da Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya kai adadin kusan kashi 6 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, ya kuma ba Arewa maso Yamma kashi 3, mafi ƙanƙanta a shiyyoyi shida. Kashi 3 na iya zama kaɗan a kunne, amma a jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da miliyan uku, kuma ta ƙaru sosai tun lokacin, dubun-dubatar mutane ake magana.

Kwatarkwashi tana gindin dutsenta, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. A taswira mutumin garin ya yi dace, domin ga Gusau nan kusa, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, tare da manyan kantunan magani masu firji. Amma nisa a Zamfara ta yau ba da kilomita kaɗai ake auna shi ba. Mutumin Wanke ko Magami ko Yankuzo sai ya tambayi labarin hanya kafin ya fito, kuma akwai ranakun da direba ba zai tayar da mota ba ko nawa za a ba shi. A watan Satumba 2021, da aka rufe layukan waya a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka don a matsa wa 'yan bindiga, mai ciwon suga na ƙauye ya rasa abu uku lokaci guda: kasuwar da zai sayar da hatsi ya sami kuɗi, wayar da zai kira ɗan'uwa a birni, da babur ɗin da zai kai shi. Masana harkar magani sun daɗe da sanin irin wannan hali a ƙananan ƙasashen tsibirai na tekun Fasifik, irin su Nauru da Tsibiran Marshal, waɗanda ke cikin na gaba-gaba a duniya wajen yawan ciwon suga: jama'a kaɗan, kasuwa ƙarama, komai sai jirgi ya kawo, ga rashin ƙarfin ciniki da manyan kamfanoni. Ƙauyen da hanyarsa ta rufe tsibiri ne a kan tudu, kuma wahalarsa iri ɗaya ce da tasu.

A kan wannan sai tsada ta hau. A watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa-ya-nasa a Agusta 2023, Sanofi kuma ya sanar a Nuwamba cewa zai miƙa rarraba kayansa ga wani dillali. A ƙarshen Yuni 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna na shekara biyu, abin da ya fi amfanar masu yin ƙwayoyi a gida. Duk wannan a ƙasar da sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, kuma a jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta samu kusan kashi 74 na mutanenta a ƙarƙashin layin talauci a binciken 2019. Ana ganin sakamakon a gaban kantar kemis. Dattijo ya miƙa tsohon katin metformin da ya ƙare, ya ce, "Malam, ba ni na kwana biyar, in na sayar da wake zan dawo." Mai kemis ya ɗauki almakashi ya yanko masa. Insulin kuwa ba a yanka shi da almakashi, sai dai mai shi ya yi tattali, ya rage yunit, ya tsallake allurar dare, domin kwalba ta kai shi ranar kasuwa.

Daga wannan wuri masu neman a raba kyauta ke ɗauko hujjarsu mafi ƙarfi. Abin da mutum zai mutu idan bai samu ba, in ji su, ba hajar da za a bar wa ciniki ba ce. Suna tuna cewa Frederick Banting da Charles Best sun gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, an fara gwada shi a kan wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, a Janairu 1922, kuma a 1923 masu binciken suka sallama haƙƙin mallakarsa ga jami'ar garin a kan dala ɗaya kowannensu, domin kada tsada ta hana kowa. Shekara tamanin bayan haka, binciken da David Beran da John Yudkin suka yi a Mozambik ya ƙiyasta cewa yaron karkara da ya kamu da nau'i na farko ba ya cika shekara guda a raye. Irin waɗannan yara sau da yawa ba a ma kai ga sanin ciwonsu. Akan ce shawara ce, ko iska, ko sammu. A Mayu 2022 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda Najeriya ke ciki, ya amince cewa nan da 2030 duk mai nau'i na farko, ɗari bisa ɗari, ya sami insulin da kayan awon jini a farashin da zai iya. Ga manomin da ba ya ganin kuɗi sai da kaka, in ji wannan ɓangare, farashin da zai iya a watan Agusta shi ne babu.

Suna kuma kawo lissafin abin da ke biyo bayan rashin magani. Sukarin da ya daɗe a sama yana cin ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa. Ƙaya ta soki manomi a gona bai ji ba, domin tafin ƙafar ya mutu. Wurin ya ruɓe, a kai shi Gusau a makare, a yanke ƙafar. Wani ƙodarsa ce za ta gaza, a ɗora shi a kan wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Kafin a kai nan an sayar da shanun huɗa, an jinginar da gona, yaran gidan sun bar makaranta. Kuɗin kwanciya da tiyatar ƙafa ɗaya za su sayi ƙwayoyin shekaru. Gwamnati ma ba ta tsira ba, domin gadajenta da likitocinta da jinin bankinta ake ci. Kuma abin da ake nema ba baƙo ba ne: Najeriya na ba da maganin ƙanjamau kyauta tun 2006, na tarin fuka ma haka, Burazil ta mayar da magungunan suga da hawan jini kyauta a kantunan da ta yi wa rajista tun 2011, jihar Rajastan ta Indiya ta fara raba muhimman magunguna kyauta a asibitocinta ita ma a 2011. Magani kyauta yana jawo mutane su zo awo. Yana kuma janye su daga mai lasifika a kasuwa da ke tallar garin da ke "kashe suga har abada", da daga jabun ƙwayoyin da hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC ke fama da su tun kafa ta a 1993.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan wahalhalu. Tambayarsa ita ce: daga wane aljihu? Kyautar maganin ƙanjamau da tarin fuka ta jingina ne, akasari, a kan kuɗin waje, daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka na 2003. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a Janairu 2025, an ga yadda hankalin ma'aikatun lafiya ya tashi a faɗin Afirka. Ciwon suga ba shi da irin wannan uban gida. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, kuma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Zamfara, wadda Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiyarta a farkon 2024, tana fama da tamowa, mutuwar mata wajen haihuwa, amai da gudawa, da 'yan gudun hijira. Duk nairar da aka sa a metformin na mai hali, an ɗauke ta daga wani wuri.

Tarihi ma suna ganin yana tare da su. Asibitocin gwamnati sun taɓa ba da magani kyauta, kuma da kuɗin mai suka ja baya sai kantoci suka bushe. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Birgediya Sani Abacha ya lissafa cikin dalilan sojoji cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani. Irin wannan hali a ƙasashe da yawa ne ya sa ministocin lafiya na Afirka, da suka haɗu a Bamako a Satumba 1987, suka amince da tsarin jujjuya magani: a zuba jari sau ɗaya, a sayar da ɗan ƙari kaɗan, a sake saro wani da kuɗin. Ga ciwon da ba ya son yankewa, in ji su, magani mai rahusa da ake samu kullum ya fi na kyauta da ake samu wata uku a rasa wata biyu. Majinyacin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya bi layi tun safe, aka ce masa, "Baba, ya ƙare, sai dai ka saya a waje," ya yi asara biyu, kuma da wuya ya dawo. Kayan kyauta kuma ba su da mai tsaro: sukan sulale su ɓulla a kasuwa, kuma wanda ke kusa da asibiti, mai sanayya, shi ke fara samu, ba matar da ke bayan dutse ba.

Abin da suke so a gina shi ne taimakekeniya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Zamfara na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA, tana kuma da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda za ta iya biya wa mabuƙata kuɗin rajista. Mai hali ya biya, a biya wa marar hali, maganin ya fito daga tukunya ɗaya wadda ba ta dogara da sauyin gwamna ba.

Akwai hujjarsu ta ƙarshe da ta fi sauran kusa da gadon majinyaci. Maganin suga makami ne mai kaifi biyu. Tsohuwar da ta sha glibenclamide ba ta ci abinci ba, sukarinta na iya faɗuwa ƙasa da 70, ta kama rawar jiki da gumi, ta fita hayyacinta. Haɗarin na ƙaruwa da azumi, lokacin da mutane da yawa ke ci gaba da shan magani yadda suka saba ba tare da an daidaita musu lokaci da yawa ba. Sirinjin insulin iri biyu ne, na 40 da na 100, kuma wanda ya zuƙi insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin maki 2 zuwa 8, a yankin da zafin Afrilu ke haura maki 40 kuma wuta sai an gan ta. Raba irin wannan magani ba tare da awo da ma'aikaci da firji ba, a ganinsu, ganganci ne.

Sai dai idan aka bi hujjojin wannan ɓangare ɗaya bayan ɗaya, ba duka ke tsayawa daram ba. Asusun jujjuya magani shi ma ya sha karyewa. Hukumar rarar kuɗin man fetur ta PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Abacha, ta zuba magunguna a asibitoci bisa wannan tsari, kuma bayan rushe ta a 1999 asusai da yawa sun zurare, wasu ta bashi, wasu ta hannun ma'aikata. Hauhawar farashi kaɗai ta isa ta cinye jari: abin da aka sayar bara a naira ɗari, bana ɗari biyu ba za ta saro shi ba. Inshora kuwa ta fi sauƙi ga mai albashin da za a yanka a tushe. Manomi da mai sana'ar hannu sai an bi su, kuma waɗanda suka fi saurin shiga su ne waɗanda suka riga suka san ba su da lafiya, abin da ke nauyaya tukunyar tun ba ta tafasa ba.

Batun sanyi ma ya yi sauƙi fiye da yadda ake zato. Binciken da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka da Jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37. Bazarar Zamfara takan wuce haka, amma ƙasar Hausa ta daɗe da sanin randa. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya-cikin-tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Don tumatir da gauta ya yi ta, amma wani nazari na 2016 a kan tukwanen ƙasa da masu ciwon suga ke amfani da su a Sudan, Mali da wasu ƙasashe masu zafi ya tabbatar da cewa suna saukar da zafi sosai, musamman inda iska take a bushe, wato dai irin ta bazara. Firji na sito da asibiti ne. Gida randa ta wadatar, muddin ruwa bai taɓa murfin kwalbar ba. Ma'aikata kuma ana yaye su a kwalejin kimiyyar lafiya da ke Tsafe, kuma shirin daƙile hawan jini da aka fara a Kano da Ogun a 2020 ya nuna cewa malaman asibitin sha-ka-tafi na iya bin tsari mai sauƙi, su auna, su ba da magani, su tura mai tsanani gaba.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, za a ga kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne ɗaukar maganin suga a matsayin abu ɗaya. A kan insulin, masu neman kyauta sun fi gaskiya, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Yara masu nau'i na farko, mata masu juna biyu da sukarinsu ya hau, da manyan da ƙwayoyi suka daina yi musu aiki ba su da yawan da zai karya kasafin jiha. Ana iya rubuta su da suna da gari a rajista ɗaya, a ba kowa kwalbarsa da sa hannu, wanda hakan ke toshe ƙofar karkatarwa. Tsallake allura kuma, saɓanin tsallake ƙwaya, ga mai nau'i na farko kisa yake yi cikin kwanaki. Jihar da ta zaɓi insulin na kwalba irin su Mixtard da Humulin, ta bar sababbin na alƙalami masu tsada ga waɗanda likita ya ga lallai sai su, za ta kai ga mutane da yawa da kuɗi ɗaya.

A kan ƙwayoyi kuwa masu cewa a sayar da rahusa sun fi kusa da daidai, amma da sharaɗin da ba su cika ambata ba. Metformin ba shi da tsada a bakin masana'anta. Dillalai da sufuri ke hau da shi, kuma ga mutumin ƙauye kuɗin mota zuwa Gusau da dawowa na iya fin na ƙwayar wata. Kyauta a Gusau ba ta kai rahusa a Kwatarkwashi ko Nahuce amfani ba. Abin da ya fi biya masa buƙata shi ne a sauko da ƙwayoyin da na'urar awo zuwa asibitin gundumarsa, a kuma ba wanda sukarinsa ya daidaita na wata uku a tafi ɗaya, kamar yadda ake yi wa masu shan maganin ƙanjamau, domin rufewar hanya ta mako biyu kada ta zama yankewar magani. Wanda ba shi da ko sisi kuma asusun marasa galihu da zakka su ɗauke shi.

Ko kyauta ko rahusa, farashin sari ne zai nuna tsawon ran shirin, kuma a nan ne ƙasashen tsibirai ke da abin koyarwa. Ƙananan ƙasashen gabashin Karibiyan sun haɗa sayen magungunansu a ofishi ɗaya tun 1986, suna fitar da kwangila ɗaya a maimakon kowace ta je ita kaɗai. A 2020 Komoros, Morishus, Seshel, Sao Tome da wasu takwarorinsu na Afirka suka sa hannu a irin wannan yarjejeniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zamfara ita kaɗai ƙaramin mai saye ce, amma jihohi bakwai na Arewa maso Yamma, da Kano da Kaduna a cikinsu, kasuwa ce da kamfani zai saurara wa. Masu sayarwa ma sun fara matsowa kusa: Eli Lilly ya ƙulla da kamfanin Eva Pharma na Masar a 2022, Novo Nordisk ya ƙulla da Aspen na Afirka ta Kudu a 2023, domin a riƙa yin insulin a nahiyar. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, yana shiga babbar tukunyar gwamnati ne. Masu fafutuka sun daɗe suna neman a keɓe shi ga cututtuka irin wannan.

Saura tsinken awo, wanda muhawarar ke yawan tsallakewa. Na'urar awon suga ba ta da tsada sosai, wani lokaci ma rabawa ake yi a taron ranar ciwon suga ta duniya, 14 ga Nuwamba. Amma kowace na'ura da irin tsinkenta, tsinke ɗaya awo ɗaya yake yi, kuma zafi da laima na lalata shi. Gidaje da yawa na da na'ura a cikin akwati wadda tsinkenta ya ƙare ko ya ɓace daga kasuwa. Jihar da za ta raba insulin sai ta tsayar da na'ura iri ɗaya ga dukkan asibitocinta, ta sa tsinke da sirinjin da ya dace cikin kwangila ɗaya da insulin ɗin, domin uwar da ke yi wa ɗanta allura safe da yamma a Yankuzo tana buƙatar ganin lambar da ke jininsa kafin ta zuƙi yunit ɗin da za ta soka masa.